Damagaram: neman keken rubutu a bayan kasuwar Dole

Wanga sati daga Damagaram na ɗauko muku labari, inda wata buƙata ta mahaifina ta kai ni.

Tsohon nawa daktilo ne, ya yi shekara 30 yana buga takardun gwamnati kafin ya yi ritaya. Tun bara ya soma rubuta tarihin gidanmu, daga fataucin kakansa har zuwa kanmu, amma ya tsaya a shafi na 40, domin sanyin ƙashi ya kama masa yatsu, tsohon kekensa na hannu kuwa sai an doke shi da ƙarfi yake rubutu. Na kai masa kwamfuta, ya juya ta, ya maido mini. Ya ce shi abin da yake so shi ne keken nan mai aiki da kuran, na IBM mai ƙwallo, irin wanda ya yi aiki da shi a shekarunsa na ƙarshe a biro, wanda taɓawa kaɗan ta ishe shi. Na kewaye Maraɗi ban samu mai rai ba, sai wani abokinsa ya kwatanta mini wani dattijo mai gyara a Damagaram.

Na bar Maraɗi bayan sallar asuba, muka bi ta Gazawa da Tasawa, kafin azahar muka hango duwatsun garin. Ranar Alhamis ce, kasuwar Dole ta cika ta batse. Na ratsa ƴan fata da ƴan goro, ina tambaya ana nuna mini gaba, har na iske wani ɗan shago a cikin lungu, wanda ƙamshin mai da tsohuwar tawada ya riga sallama tarbar baƙo. Kekuna ne jere har rufi: Olympia ta Jamus, Olivetti ta Italiya, Hermes ta Suwis, kowane an lulluɓe shi da tsumma saboda ƙurar hunturu. Mafi yawansu a gwanjon kayan biro dattijon ya saye su, lokacin da kwamfuta ta kore su.

Da na faɗi abin da ke tafe da ni, sai ya ce: "Zauna, ɗana. Mai sayen wanga kaya ba ya gaggawa." Ya sa yaronsa ya sauko da guda biyu, kowane ya fi kilo 15.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, kamfanin IBM na Amurka ya fito da wanga keke, mai suna Selectric, a 1961. Maimakon sandunan baƙaƙe masu sarƙewa in an yi sauri, ƴar ƙwallo guda ce mai ɗauke da alamomi 88, jeri 4, kowane jeri 22. In ka taɓa harafi sai ta juya, ta karkata, ta doki takarda, tun kafin ido ya ƙifta. Takarda tana nan wuri guda, ƙwallon ce ke tafiya. In kana son wani salon rubutu, sai ka cire ta ka ɗora wata. A 1973 aka ƙara masa zaren goge kuskure, mai ɗauke tawadar daga takarda, abin da ya raba sakatarori da yawa da faɗan maigida. An daina ƙera shi a 1986, bayan an sayar da fiye da miliyan 13.

Hannuna ya kai ga mai sheƙi daga cikin biyun. Dattijon ya girgiza kai, ya juya shi, ya nuna mini ƴar farantin da ke baya. Ashe na Amurka ne, wutar 115 yake sha, tamu kuwa 220 ce. In aka jona shi kai tsaye, injin ya ƙone ke nan. Jerin baƙaƙensa kuma QWERTY ne, na Turancin Ingilishi, babu é, babu ç, alhali yatsun tsohona AZERTY suka haddace. "Baba, ai da na yi asara," in ji ni. Ya ce: "Kyan ɗan maciji ke nan."

Na biyun ya koɗe, amma shi ya sha gyara. Ya buɗe mini cikinsa, ya nuna inda ya wanke tsohon man da ya daskare ya sa sabo, da ɗamarar robar da ya canja. Ya kunna shi ya ce in saurara: lafiyayye gurnani yake yi sannu, wanda ke ƙwas-ƙwas kuwa wata roba ce ta tsage a cikinsa, gyaranta aiki ne babba. Ya sa na buga kowane harafi, manya da ƙanana, muka duba ko layin ya miƙe. Ya latsa robar da takarda ke naɗuwa a kai da farce, domin wadda ta bushe tana cinye baƙaƙen ƙwallo. Ya kuma gargaɗe ni da kada in sayi ƙwallo mai alamar 96, domin ta samfurin 1980 ce, ba ta aiki a kan wannan. Ƴan kasuwa da ma'aikata masu sha'awar irin wanga kaya, ku riƙe waɗannan, kuma kada ku biya sai kun ga zaren tawada na ajiya a hannu, don shi ne mai wuyar samu.

Saura abu guda ya dame ni: da Hausa tsohon ke rubutu, ƙwallon kuwa ba ta da ɓ, ɗ da ƙ. Dattijon ya yi dariya. Ya ce babana ya fi shi sanin maganin wannan: a buga b, d, k, in shafi ya cika a bi su da bik a yi musu lanƙwasa.

Ya sa suna jika 60, muka daidaita a 45, da zare 3 gyara. Na biya wa keken kuɗin kujera a mota, na rungume shi har Maraɗi.

Da daddare na ajiye shi gaban tsohon. Ya shafa shi, ya sa takarda, ya rubuta 41 a sama. Ya yi layi shida ke nan wuta ta ɗauke. Na soma ƙorafi, shi ko ya ce in kunna fitila in kawo masa bik, akwai lanƙwasa goma sha ɗaya da ke jiransa.

Sai wani satin, in Allah ya kai mu.