Yadda Na Naɗi Waƙoƙin Kawuna a Zauren Gida

Duk wanda ya taɓa zama da tsohon kaset yana ƙoƙarin rubuta matanin waƙar baka ya san wahalar da ke ciki. Ka kunna, ka mayar baya, ka sake kunnawa, amma a daidai kalmar da kake nema sai kalangu ya taso ya danne muryar jagora, ko sanƙira ya kwarara kirari a kanta. Na yi shekaru ina wannan fama da waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo da na Alhaji Mamman Shata, kuma sau da yawa nakan bar gurbi a takarda, domin babu wurin wanda zan koma in tambaya. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata kuma a 1999. A kaset ɗin da ke hannunmu murya da kiɗa a cakuɗe suke, abin da aka naɗa a cakuɗe kuwa da wuya ya warwaru.

Wannan ne ya sa hankalina ya koma kan kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda makaɗin kalangu ne a wani ƙauye na ƙasar Katsina. Ya haura shekara saba'in, murya ta fara ja da baya, biyu daga cikin tsofaffin yaransa sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu abin da aka adana na waƙoƙinsa in ban da guntayen bidiyon da jama'a ke ɗauka da waya a wurin biki. Na ji kunyar kaina, ina koyar da nazarin waƙar baka a jami'a, ga waƙa tana neman salwanta a gidanmu.

Sai na ari na'urar naɗar sauti mai layuka da yawa, ƙirar Zoom R16. Amfaninta shi ne tana karɓar makirufo takwas a lokaci guda, ta ajiye abin da kowane ya ji a layinsa daban, ta yadda daga baya za a iya sauraron murya ɗaya ita kaɗai, ko a ɗaga ta, ko a rage ta. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1950 makaɗin jita Les Paul na Amurka ya yi aiki da na'ura mai layi takwas, amma sai a 1979, da kamfanin TEAC ya fitar da Portastudio mai layi huɗu a kan kaset, abin ya shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Wadda na aro tana aiki da ƙananan batura shida, saboda haka ba mu bukaci janareta ba, balle ƙararsa ta shiga cikin waƙa. A kwamfuta kuma na sa manhajar Audacity, wadda kyauta ce, domin haɗa layukan.

Ƙungiyar Kawu mutum takwas ce cif: shi jagora, 'yan amshi uku, masu kalangu biyu, mai kuntukuru, da sanƙira. Wani ɗalibina da ke aiki a situdiyo a Kano ya ba ni shawarar in bi hanyar da suka saba, wato a fara shimfiɗa kiɗa bisa ma'aunin bugu na kwamfuta, sa'an nan jagora ya ɗora murya yana sauraron kiɗan a kunne, daga ƙarshe 'yan amshi su ɗora tasu. Ta haka kowane layi zai fita tas. Na karɓi shawarar hannu bibbiyu, domin abin da nake nema ke nan.

Ranar farko a banza ta tafi. Masu kalangu suka kasa bin ƙyas-ƙyas ɗin na'ura, da aka cire shi kuma suka yi minti biyu suna kiɗa suka tsaya, babbansu ya ce, "Malam, wa muke bi?" Da aka zo kan Kawu, na ɗaura masa lasifikar kunne, ya fara ɗan waƙa, ya kai inda ya kamata a karɓe masa, ya ji shiru. Sai ya tuɓe ta ya ajiye a tabarma, ya ce, "Ɗan nan, ni ban iya waƙa da mutanen da ba su nan ba."

A daren na zauna na yi wa kaina bitar abin da nake karanta wa ɗalibai daga ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan tsarin rerawa, da ƙari da karɓeɓeniya da rakiya. Hanyar situdiyo ta dace da waƙar da aka gina a kan fiyano, inda bugu yake a ƙayyade kuma mawaƙi ne ke bin sa. A kiɗan Kawu jagora ne ke jan ragama. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata yana sassautawa domin amon ya hau ya sauka tare da karin sautin kalmomin da ke fitowa daga bakin jagora, kuma bai san tsawon ɗan waƙa ba sai ya ji an kawo ƙarshensa. 'Yan amshi ma da ido da numfashin jagora suke gane lokacin karɓa. Na so in raba abin da rayuwarsa ke cikin haɗuwa.

Kashegari muka sake shiri. Muka bar ɗakin siminti mai rufin kwano, wanda ke mayar da amo, muka koma tsohon zauren ƙasa mai azara. Muka rataya barguna a bango, muka toshe ƙofa da katifa, muka jira sai bayan sallar isha'i da babura suka ɗauke ƙafa. Kowa ya zauna inda zai ga Kawu, kowa da makirufonsa kusa da baki ko kusa da fatar ganga, na juya bayan na masu murya ga makaɗa. Na san kiɗa zai ɗan tsiyaya cikin layukan murya, na kuma haƙura da hakan. Abin da na kiyaye shi ne tazara. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka murya ɗaya takan isa makirufo biyu a lokuta mabambanta, in an haɗa su sai ta yi rauni kamar daga cikin tulu take fitowa. Maganin da ma'aikatan sauti suka sani shi ne tazarar da ke tsakanin makirufo biyu ta kai ninki uku na tazarar kowane da mai shi. Na kuma rage ƙarfin shigar sauti, domin bugun kalangu in ya wuce iyakar na'ura yakan fashe, fasasshen sauti kuwa ba ya gyaruwa. A dare uku muka naɗi waƙa goma sha ɗaya, wasu sau biyu, wasu sau uku.

Da na buɗe layukan a kwamfuta na ga ribar wahalar. Na saurari sanƙira shi kaɗai, na rubuta kirarin da yake yi wa mahautan garin da jerin iyayensu, abin da a da hayaniya ce kawai a kunnena. Na gano cewa ɗaya daga cikin 'yan amshi, wanda ya taso a ƙasar Zamfara, yana furta wata kalma ta gindin waƙa da karin harshensa, saɓanin sauran biyun, kuma shekara da shekaru babu wanda ya lura. Ga mai nazarin matani, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai manhajar da ta buɗe mini wannan ƙofa ita ce ta kusa sa ni yin ɓarna. A waƙar da Kawu ya yi wa wani amininsa mahauci da ya rasu, naɗi na biyu ya fi kowane armashi, amma a tsakiyarsa muryarsa ta sarƙe, ya yi shiru na 'yan daƙiƙu, 'yan amshi suka maimaita gindi sau biyu kafin ya dawo. Na yanke wurin, na ɗauko makamancinsa daga naɗi na uku na liƙa, ɗinkin bai ko nuna ba. Na kai masa ina jin na yi gwaninta.

Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ina wurin da na tsaya?"

Na ce, "Kawu, na gyara shi."

Ya ce, "To, wannan waƙar ba a taɓa yin ta ba. A wurin nan na tuna da mutumin, yaran nan suka riƙe mini waƙa har na dawo. Ka cire aikinsu, ka cire nawa."

Ban sami abin cewa ba. Mu ne muke rubutawa cewa kowace sadarwa ta waƙar baka matani ce mai zaman kanta, ga shi na ɗinka biyu na ba su suna ɗaya. Da wannan naɗi ya shiga hannun wani ɗalibi nan da shekara ashirin, zai yi nazarin abin da hannuna ya ƙaga yana zaton bakin mawaƙi ne, kuma babu alamar da za ta faɗakar da shi.

Tun daga ranar na kafa wa kaina ƙa'ida, wadda nake ganin ya kamata sassanmu su tattauna ta yanzu da irin waɗannan na'urori suka yi sauƙin samu. Layukan asali ba a taɓa su, ana adana su a wuri fiye da ɗaya, tare da takardar da ta nuna rana da wuri da wanda ke kan kowane layi. Abin da aka haɗa domin sauraro a rubuta duk abin da aka yi masa, ko da ɗaga murya ne kawai. Masu waƙar kuma su ji, su yarda, su riƙe nasu kwafin.

Na mayar da shirun Kawu inda yake. Da na koma da waƙoƙin a katin waya, sai ya ce in kunna masa layin kuntukuru shi kaɗai, wanda jikansa ɗan shekara goma sha biyar yake kaɗawa. Ya kasa kunne na wani lokaci, ya gyaɗa kai, ya ce yaron yana da hannu amma yana gaggawa, a kira masa shi da safe.