Kafin ka ce kwamfutarka ta tsufa

Mu 'yan kasuwa mun iya karantar mutum. In yaron shago ya fara jan ƙafa, ba ma saurin korarsa, sai mun bincika ko yunwa ce, ko zazzaɓi, ko wani abu ya faru a gida. Amma in kwamfuta ce ta fara jan ƙafa, hukunci ɗaya muke yanke mata: ta tsufa. Mai gyara ma haka zai ce, don sau da yawa shi ne kuma mai sayar da sabuwa.

Ina da shagon kayan gini a Angondjé, cikin Akanda, arewa da Libreville, ba nisa da filin ƙwallon da Kamaru ta ɗauki kofin Afirka a 2017. Unguwa ce da gini ba ya ƙarewa, kuma duk mai sayar wa magina kaya ya san rabin cinikinsa bashi ne. Wane ya ɗauki fenti, wane ƙusa da makullai, sai mai gida ya biya su sannan su biya ka. Duk wannan lissafi, da na kayan da ke shigo mini ta tashar Owendo, yana cikin wata kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya ta hannu. Ana cikin damina ta soma nawa. Buɗe lissafin da a da ƙiftawar ido ne, sai in zuba shayi in shanye ba ta gama ba. Ga ƙarshen wata ya matso, lokacin da ake biyan magina, wanda in ba ka tare su da takarda a hannu ba kuɗin ya bi wata hanya.

Mai gyaran da na kai wa bai ko kwance ta ba. Ya ce, “Alhaji, wannan ta gama aikinta.” Kuɗin da ya faɗa na wata kusan daidai yake da abin da na ware na makarantar yara a Maraɗi.

Ɗan ƙanwata ne, wanda ke karatu a nan, ya ce, “Kawu, kafin a kashe kuɗi bari mu tambaye ta da kanta.” Ya danna Ctrl da Shift da Esc tare. A kwamfutocin Faransanci irin na nan, Maj da Échap za ka gani a rubuce. Wani shafi ya buɗe, ya shiga ɓangaren da ke nuna ƙoƙarin na'ura, ya nuna mini lamba: 0.39. A gefe kuma an rubuta 1.60.

Ga ma'anarsu. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafin, ana auna gudunta da gigahaz, bugu biliyan ɗaya ke nan a daƙiƙa. Tawa Intel Core i5-8250U ce, ta 2017. Tafiyarta ta yau da kullum 1.6, in aiki ya yi nauyi tana iya zabura har 3.4. To ga ta a 0.39, ko kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyar tata ba ta kai ba, kuma lambar ba ta motsi ko me aka buɗe. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne bayanin yaron, cewa furosesa ba ta rage gudu don shekaru kamar ƙafar ɗan Adam. In ka gan ta daskare a ƙasa haka, umarni aka ba ta, ko kuma ita ce ke kare kanta daga wani abu.

Abu na farko da ake zargi shi ne zafi. Irin wannan furosesa iyakarta digiri 100, tana kusantar nan sai ta ja birki don kada ta ƙone. Mu da muka taso da hunturu mun san ƙura, amma ƙurar Gabon daban ce. A Maraɗi ko Kano busasshiya ce, ka hura ta tashi. Nan muna bakin teku, kusa da tsakiyar duniya, iska jiƙe take kusan duk shekara, sai ƙurar ta cuɗe ta zama kamar audugar katifa ta toshe mafitar fanka. Balle a shago irin nawa da siminti ke tashi. Sannan akwai wani man toka-toka da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi, yana bushewa bayan shekaru. Masu ɗora kwamfuta kan gado ko darduma kuwa, su suke toshe mata hanci da hannunsu. Muka sa wata manhaja mai auna zafi, tawa ba ta wuce digiri 50 ba. Ba nan matsalar take ba.

Muka duba saitin wuta na Windows, inda ake ƙayyade iyakar ƙarfin furosesa. Yana kan kashi 100. Ku duba naku, don ko a 99 aka bar shi zaburar nan ba za ta yi ba.

Sai yaron ya yi abin da ko a mafarki ban zata ba: ya zare caja. Nan take 0.39 ta tashi ta haura 3. Ya mayar, ta faɗo. Sau uku yana yi ina kallo. Kwamfuta ta fi ƙarfi a kan batir fiye da a kan wuta!

Ashe cajar wasu kwamfutoci, irin su Dell da HP, ba wayar wuta kawai ba ce. Ka leƙa cikin bakinta za ka ga siririyar allura a tsakiya. Ta wannan allura caja ke gaya wa kwamfuta ko wat nawa take iya bayarwa. In kwamfuta ta tambaya ba ta ji amsa ba, sai ta ɗauka cajar ba za ta iya ɗaukar nauyinta ba, ta rage gudu, sau da yawa ta daina cika batir. Ni ban ga laifinta ba. Ko ni ba na ɗora wa motar da ban san ƙarfinta ba buhun siminti ɗari. Batirina kuwa ya yi makonni tsaye wuri ɗaya, ba gaba. Cajata ta asali ta ƙone wata rana da aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, wadda ke jikinta kuma an saya ne a wajen wani mai tebur da ya rantse ta kamfani ce. A jikinta an rubuta wat 65, bolt 19.5, amfiya 3.34, komai daidai. Rubutu dai ba ya wuya.

Muka kashe ta muka kunna, yaron ya shiga shafin BIOS, wanda ke fitowa kafin Windows. A layin caja, inda ya kamata a ga 65, cewa ta yi ba ta san wannan caja ba. Muka aro ta maƙwabcina mai kantin magani, irin kwamfutarmu ɗaya. Tana shiga aka ga 65, gudu ya dawo, batir ya fara hawa. Wannan aron yana da muhimmanci, don wani lokaci cajar lafiya lau take, ramin da ake soka ta ne a jikin kwamfutar ya lalace, kuma in haka ne ko caja goma ka saya ba abin da zai canza.

Akwai wata manhaja, ThrottleStop, da samari ke sawa don tilasta wa furosesa ta yi biris da wannan gargaɗi. Yaron ya ce za ta iya aiki. Na ce a'a. Na'urar da ke riƙe da bashin mutum sama da hamsin ba zan toshe mata baki ba, alhali cajar da ba a san cikinta ba tana soke a jikinta.

Caja ta gaskiya na samo a Mont-Bouët, a shago na uku da na shiga. Da kwamfutar na tafi a jaka. Biyun farko da na ce zan gwada kafin in biya, ɗaya ya ce ba a buɗe kwali, ɗayan ya ce ba wuta a shagonsa, alhali fanka na juyawa a kansa. Na ukun, wani dattijo, shi ya miƙo mini soket da kansa. Kuɗinta ya ninka na jabun kusan sau uku, amma bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da mai gyara ya nema ba. Takardun magina sun fita kwana biyu kafin ƙarshen wata, kuɗin Maraɗi kuma ya tafi a kan lokacinsa.

Yanzu in wani daga cikin 'yan uwa zai sayi kwamfuta ta hannu ya kira ni, abu biyu nake sa shi ya yi a gaban mai ita. Ya buɗe shafin nan, ya kunna bidiyo da wasu abubuwa masu nauyi na minti goma, ya ga ko lambar tana hawa ko tana zubewa in jikinta ya ɗumama. Sannan ya soka caja ya zare yana kallon lambar. Makon jiya wani ɗan Zinder mai sayar da atamfa ya yi haka a Petit-Paris, mai kayan ya shiga ciki ya fito masa da wata cajar daban ba tare da an ce masa komai ba.