Manomin Vimtim, Bindiga da Kububuwa

A cikin watan Oktoba na 2014 ne mayaƙan Boko Haram suka auka wa Vimtim, garin marigayi Alex Badeh, mutane suka watse, waɗansu suka bi duwatsun Mandara har ƙasar Kamaru. Sa'ad da ƙura ta lafa jama'a suka komo, wani magidanci ya tarar da gonarsa ta zama saura, ciyawa ta kai ƙugu, ɓeraye sun yi ramuka a gindin rumbu. Inda ɓera ya yi yawa kuwa, maciji ba ya nisa.

Ran nan yana sassabe sai ya ji wata ƙara daf da ƙafarsa, kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Kububuwa ce ta naɗe tana goga ɓawon jikinta. Ya ja da baya, ta sulale cikin duwatsu. Daren nan bai runtsa ba, ya ƙudura a ransa ran kasuwar Mubi zai sayar da akuya biyu ya nemi bindigar toka.

Da ya kai shawara wurin kawunsa, tsohon maharbi, sai dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wanda ka gani ka riga ka tsira daga gare shi. Wanda zai sare ka, ba za ka gan shi ba sai ka ji haƙori. To, wa za ka harba?"

Maganar tsohon nan tana kan hanya. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, da ƙyar take wuce kamu guda, launinta kuma ya saje da ƙasa. Galibi takan sari manomi ne a ƙafa ko a hannu, yana noma, ko yana cirar gyaɗa, ko yana tafiya da dare ba takalmi. Kasa ma haka take, ta kwanta lamo sai an taka ta. Gamsheƙa ce mai fasa kai ta fito fili, ita kuwa feshi take yi a ido, kafin mutum ya ɗura albarushi ta gama aikinta. Harbi a cikin duwatsu kuma, harsashi kan yi tsalle ya komo kan mai shi ko yaron da ke kusa. Balle a ƙasar da ta ga yaƙi, inda ƙarar bindiga a daji ta isa ta tayar da gari, ga kuma dokar makamai ta 1959 wadda ta ce ko bindigar toka sai da lasin.

Abin tsoro na gaskiya shi ne abin da ke biyo bayan sara. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi, alhali yana tafiya da ƙafarsa yana cewa ya ji sauƙi. Tun a shekarun 1970 Dokta David Warrell da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bayyana wannan. Ɗaure ƙafa tamau, da tsaga, da tsotsa, duk ƙara ɓarna suke yi. Magani shi ne allurar kashe dafi, irin su EchiTAb da ake yi wa mutane a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe. Amma daga Mubi zuwa can tafiya ce mai nisa, kuɗin mota kuma ba ya jiran kaka.

Magidancin ya sayar da akuya ɗaya tak. Ya sayo takalman roba masu dogon wuya, nasa da na babban ɗansa, da tocila, ya yanko doguwar gora ta kaɗa ciyawa, ya kuma janye tarin itace daga bakin ɗaki. Ragowar kuɗin uwargida ta ƙulle su a tsumma, ta ce na mota ne, kada wanda ya taɓa. Yaron dai har yanzu yana ƙorafin takalmin da zafi, uban kuwa ba ya barinsa fita gona sai ya sa.