Jitar cinya da albashin ma'aikaci

Jama'a, akwai wata irin jita da ba a rungume ta a ƙirji. Kwantar da ita ake yi a kan cinya, tsirkiyoyinta suna kallon sama, mai kiɗan ya riƙe guntun ƙarfe a hannun hagu yana zamar da shi a kansu, hannun dama yana kaɗawa. Sautinta kamar kukan goge, yana ja yana lanƙwasa. Daga tsibiran Hawai ta fito a ƙarshen ƙarni na 19, ana danganta ta da wani saurayi mai suna Joseph Kekuku. Wanda ya taɓa sauraron faifan King Sunny Ade mai suna Juju Music na 1982 ya ji babbar yayarta, mai ƙafafu da feda, wadda Demola Adepoju ke kaɗawa. Mu da muka tashi a Sabon Gari mun sha jin ta a shagunan maƙwabtanmu Yarbawa, sunanta ne kawai ba mu sani ba.

To, ita yarona ɗan shekara 15 ya gani a YouTube, ya kafe sai ita.

Mafi arha da na gani a intanet, ta masu koyo, tana wajen dala 150. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala take naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati, da sai in ce ya yi haƙuri zuwa wata biyu. A 2024 dala ta haura naira 1,500. Ku buga lissafin: 225,000 ke nan, ba a sa kuɗin dako ba, ba a sa na kwastan ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa 70,000 ne. Albashin wata uku da ɗoriya a kan abin da yaro zai iya gajiya da shi kafin babbar sallah! Sannan ta lantarki ce, in babu amsa-kuwwa da wuta katako ne kawai, kuma kun san yadda wuta take a unguwanninmu.

Abin da ya fisshe ni shi ne, jita ta gama-gari ma tana zama ta cinya. Bambancinsu ɗaya: a ta cinya ba a danna tsirkiya da yatsa har ta taɓa katako, saboda haka ana so tsirkiyoyin su yi sama sosai. Wannan kuwa shi ne babban aibin tsohuwar jita. In wuyanta ya ɗan lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da katako, mai kiɗa da yatsa ba ya son ta, mai ita kuma neman kai yake da ita. Abin da ya karya mata farashi shi ne ainihin abin da kake nema. Irin wannan na samu a hannun wani ɗalibi a Samaru da ya gama karatu yana sayar da kayan ɗakinsa. Mai walda ya yanko mana ɗan ƙarfe mai kwana, ya yi masa tsagi shida, muka ɗora a can saman wuya inda tsirkiyoyi ke hawa, suka ƙara tashi. Ƙarfen zamarwa kuma, soket mai tsawo muka saya, irin wanda makanikai ke kwance noti da shi. Ya dai kasance mai santsi da ɗan nauyi.

Amma fa ba kowace tsohuwa ake ɗauka ba. Duba jakinta, wato inda tsirkiyoyi suka kafu a kan ƙoƙon. In ya fara ɗagowa daga jiki, ajiye ta ko nawa aka rage maka. Duba tsaga a katakon, don hunturun Zariya ba ya raga wa katako. Murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ka kaɗa, ka jira minti biyar ka sake kaɗawa. In sauti ya sauka, kunnen ba ya riƙo. Tsirkiyar kuma ta ƙarfe, ba ta roba ba. Kada mai sayarwa ya ruɗe ka da sheƙin fenti ko sunan kamfani.

Ana saita ta ne yadda in ka share tsirkiyoyin shida gaba ɗaya za su ba da amo mai daɗi ko ba ka taɓa komai ba. Mu D, A, D, F#, A, D muka yi, daga mai kauri zuwa siririya, da manhajar waya ta kyauta. Wannan saitin sassauta tsirkiya yake yi, bai wahalar da tsohon wuya. Yatsun yaro ba sa ciwo, amma kunnensa zai sha aiki, don ƙarfen ya goce kaɗan sautin ya ɓaci. Gaskiya ba ta da amon ta lantarki. A tsakar gida dai ta isa.

Wani yayana ya ce da ni, "Kai yanzu da digirinka, maroƙi za ka raina a gida?" Na ce masa, Yaya, yaro da katako a cinyarsa a gabana ya fi yaro a bakin titi ban san da wa yake zaune ba. Sharaɗina dai sallah a kan lokaci da sakamakon makaranta. Kuma masu tunanin sai da kaya mai tsada ake farawa, marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya zaga duniya, gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya. Mdou Moctar na Nijar shi ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke.

Na yi masa alkawari, in ya shekara bai yar da ita ba, za mu zauna mu yi maganar ta lantarki. Abin da muka rasa yanzu malami ne. In akwai wanda ya iya a Sabon Gari ko Samaru, ko cikin makaɗan coci ne, don Allah a yi mini magana ta akwatin saƙo. Asabar bayan la'asar yake da sarari.