Hannun da Ba Ya Rawa: Tunawa da Masu Wasa Wuƙa a Argungu da Birnin Kebbi

Duk wanda ya ji sunan Argungu, kifi ne ke fara faɗo masa a rai, kuma yana da gaskiya. Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta ɗinke tsakanin Sakkwato da Kabi, ake taruwa a bakin Matan Fada, dubban masunta su auka ruwa da homa da gora, har hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Baƙo yakan ga an ɗora giwan ruwa a ma'auni, ya yi tafi, ya koma masauki. Mu da muka tashi a gidajen masunta mun san daga nan wani aikin yake farawa. Kifin nan sai an kankare shi, an farke cikinsa, an datsa shi gunduwa-gunduwa, an jera a ragar banda tun rana ba ta ɓata shi ba. Duk wannan aikin wuƙa ne, kuma dakusasshiyar wuƙa ba ta yin sa.

A gidanmu washi yana hannun Baffa, yayan mahaifina. Mawashinsa wani dutse ne mai yashi-yashi da aka binne rabinsa a ƙasa kusa da randunan ruwa, don kada ya motsa in ana aiki. Bayan la'asar yakan ɗebo ruwa a ƙoƙo, ya tsuguna, matan gida su yi ta aiko mu da wuƙaƙensu. Yakan fara da duba bakin wuƙar a hasken rana. In ya ga wani siririn layi yana ƙyalli a kan kaifin, ya san nan ne ya mutu, domin baki mai kaifi ba shi da faɗin da zai mayar da haske. Sai ya jiƙa dutsen, ya kwantar da wuƙar, ya ɗan ɗaga bayanta, ya ɗora yatsu uku na hagu kusa da bakin, ya riƙa turawa daga gindi zuwa tsini. Abin da na fi tunawa shi ne wuyan hannunsa. Kafaɗarsa na tafiya, gwiwar hannunsa na tafiya, amma wuyan hannun yana nan daram, tazarar da ke tsakanin bayan wuƙa da dutse ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa.

Ranar da ya fara miƙa mini wuƙa, ya bar ni na ɗan yi, sannan ya ce, "Kai ɗan ga, hannunka na rawa. Aza ta wuri guda, ka bar ta nan. Yuƙa ba ta son gaggawa, ka jiya?" Na ce, "Na ji, Baffa." Ya kama yatsana ya shafa shi a gefen wuƙar da ba mu taɓa ba, daga baya zuwa baki, ba tare da bin tsawon kaifin ba. Na ji wani ɗan kaushi yana kama fata. Ya ce wannan shi ne leɓen ƙarfe, alamar cewa dutse ya ci har ƙarshen baki ya lanƙwaso shi zuwa ɗaya gefen. Sai leɓen nan ya fito tun daga gindi har tsini ake juya wuƙa. In an juya kafin nan, an yi aikin banza: wuƙa za ta yi ƙyalli, amma ba za ta yanka ba. Bayan gefe biyu sun yi, sai ya sassauta hannu, ya riƙa juyawa ɗaya nan ɗaya can, a hankali, har leɓen ya kusa tsinkewa. Daga nan ya ja ta da baya a kan wata tsohuwar fata, ya gwada a gashin damtsensa.

Na daɗe ina zaton kaifi iri ɗaya ne, sai da na lura da wuƙaƙe biyu na Inna. Ɗaya siririya ce, da ita take farke cikin ƙarfasa da tarwaɗa, kuma Baffa yakan kwantar da ita sosai a dutse. Ɗayar mai kauri ce, ta datsa kan giwan ruwa da sare ƙayar ƙurungu, ita kuwa yakan ɗaga bayanta sama. In ka ba mai kaurin bakin siririyar, ƙashi zai kakkarya shi tun kifi na farko. Wanzamin gidanmu ya fi kowa kwantar da ƙarfe. Yakan ciro askarsa daga zabira, ya shafa ta a ɗan ƙaramin dutse mai santsi, ya ƙarasa a tafin hannunsa, sannan ya jiƙa kanmu. Maƙwabcinmu barunje kuma yana da wuƙar yanka da ba ya bari ta taɓa ƙashi ko kaɗan, da ta fiɗa mai ɗan tumbi, da barho na sara. Kowace da irin washin da ake yi mata.

Da kaka ta yi, shinkafar fadama ta nuna, sai a tattara lauje a kai maƙera, domin abin da dutse ya kasa, wuta ce ke gyara shi. Nakan zauna ina buga zuga-zugi, maƙeri ya ciro laujen da awartaki ya yi jajir, ya koɗa bakinsa a kan uwar maƙera, ya tsoma a ruwa, sannan ya bi shi da magagari. Yawancin adduna da wuƙaƙen da yake ƙerawa daga sifirin ɗin tsohuwar mota suke, ƙarfe mai riƙe kaifi amma mai saurin tsatsa, wanda dole a goge shi a shafa masa mai bayan aiki. Da aka kai mu Gidan Tarihi na Kanta daga makaranta, tsohuwar fadar nan da aka mayar ma'adanar kayan tarihi a 1958, na tsaya a gaban takubba da masun Kabawa, na gane cewa sana'ar da nake gani a ƙofar gidanmu ta daɗe ƙwarai a ƙasar nan.

Babban lokacin washi shi ne jajibirin Sallar Layya. A nan ne Baffa ya nuna mana cewa abin ya wuce iya hannu, ya shafi addini. Malamanmu sun karantar da mu hadisin Shaddadu ɗan Ausi da ke cikin Sahihu Muslim, wanda shi ne na 17 a Arba'una ta Imam Nawawi, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Baffa ba ya taɓa wasa wuƙa a gaban rago. Tun daren yake gamawa, ya mayar da ita kube, ya rataye inda yara ba sa kai hannu. Da safe ja ɗaya yake yi.

A 1991 aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, Birnin Kebbi ya zama hedikwata, ni ma aiki ya kawo ni, na kama ɗaki kusa da Makerar Gandu. A idona gari ya buɗe, kasuwa ta cika da fararen wuƙaƙe na waje da ba sa tsatsa, masu araha, kuma injin washi mai lantarki ya bayyana a bakin hanya. Ba na raina injin nan, domin yana farfaɗo da gatari da adda cikin ɗan lokaci. Amma ga wuƙa, in ba a hannun mai lura yake ba, ɓarna yake yi. Na taɓa kai wata wuƙar maƙera da na gada wurin wani mai inji. Ya danna ta a kan dutsen, tartsatsi ya tashi, ya miƙo mini ita bakinta ya yi shuɗi-shuɗi. Wannan launi yana nufin zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salsiyos, ya warware taurin da maƙeri ya sa wa ƙarfen. Irin wannan wuƙa takan yi aski a ranar, amma kafin mako ta lanƙwashe. Ga shi kuma kowane zuwa inji yana cinye faɗinta. Masu haƙurin tsugunawa a gaban dutse suna ta raguwa, yara da yawa sun taso ba wanda ya taɓa kama musu yatsa ya nuna musu leɓen ƙarfe.

Shi ya sa na yi murna da ɗan ƙanena ya kawo mini mawashi mai saiti, ƙirar kamfanin Lansky na Amurka, wanda ya fara wannan sana'a a 1979. Abu ne mai sauƙi. Akwai wani ƙarfe mai baki biyu da ake matse bayan wuƙa a ciki da sukuru. A jikinsa akwai huji huɗu, an rubuta 17, 20, 25 da 30, wato digirin kwanciyar dutse a kowane gefe. Sai ƙananan duwatsu, kowanne an ɗaura shi a siririyar sanda ta ƙarfe. In ka zura sandar a huji ɗaya, dutsen ba shi da ikon ɗagawa ko kwantawa, ko da hannunka na rawa. Aikin sandar nan kamar na malamin allo ne da ke riƙe hannun yaro har ya saba da jan baƙi. Da na duba lambobin, sai na ga mutanen unguwarmu a jere: 17 ta wanzami ce da siririyar wuƙar kifi, 20 ta wuƙar girki, 25 ta fiɗa da aikin nama, 30 ta sara da yankan igiya.

Ga wanda ya sami irinsa, ga abin da na ga yana aiki. Ka matse wuƙar a tsakiyar tsawonta, ka tabbata ta zauna daidai tsakanin bakunan biyu, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi ɗaya faɗi. Ka manna ɗan salatif a inda za ka matse don kada ya ƙarce ta, ka kuma riƙe wurin a ranka, domin in ka canza wuri gobe, kwanciyar ta canza. Lambar da ke jikin huji ma kiyasi ce: wuƙa mai faɗi tana nisanta baki daga matsin, sai dutse ya ƙara kwantawa. Maganin wannan shi ne alƙalamin maka. Ka shafa baƙi a duk tsawon bakin, ka ja dutse sau biyu ko uku a hankali, ka duba. In baƙin ya goge a can sama ya bar ƙarshen baki, ka kwanta da yawa, ka hau huji na gaba. In ƙarshen bakin kaɗai ya goge, ka ɗaga da yawa. In ya goge gaba ɗaya, ka dace.

Duwatsun suna da lamba, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Wuƙar da ta dakushe ƙwarai ko ta yi giɓi a fara ta da 120, ko ma 70, a zauna a kai har leɓe ya fito a gefe biyu, sannan a koma 280, a wuce 600, a ƙare da 1000. Mafi yawan aikin na dutsen farko ne, sauran gyara suke yi, don haka kada a yi saurin barinsa. Wuƙar nama da ta tumatir sun fi son a tsaya a 600, saboda ɗan haƙorin da ya rage shi ke kama fata. A ɗiga wa dutsen ɗan mai don kada garin ƙarfe ya toshe shi, in kuwa mai ƙurar daimon ne, ruwa ya isa. Kada a danna da ƙarfi, domin sandar takan lanƙwashe ta ɓata saitin. A ƙarshe a ja wuƙar da baya a bayan tsohon bel na fata, a gwada ta a takarda, a wanke ta da sabulu kafin ta taɓa abinci.

Na'urar tana da iyaka. Doguwar wuƙa sai an matse ta a wuri biyu, kuma adda da lauje sun fi ƙarfinta. Ko da shirin lamunin noma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 ya bunƙasa shinkafa, aka kuma buɗe babban injin casa na WACOT a Argungu a 2017, shinkafa mai yawa har gobe da lauje ake yankanta, kuma laujen nan maƙeri da magagari yake nema. Wanda ba shi da kuɗin na'ura ma ba a bar shi a baya ba. Ya tsayar da wuƙa tsaye a kan dutse, ya kwantar da ita rabi, ya sake kwantar da rabin wannan, ya iso wajen digiri 22, wanda ya ishi aikin gida. Ya dai kula dutsensa ya zama shimfiɗaɗɗe, in ya yi kwari ya goga shi a daɓen siminti da ruwa har ya daidaita.

Ina so matasanmu su ɗauki wannan na'ura a matsayin makaranta. Wanda ya yi wata da watanni yana kallon yadda sanda ke riƙe dutse, yana shafa baƙi yana dubawa, yana neman leɓe da yatsa, wata rana zai tsuguna a gaban dutsen gida ya tarar wuyan hannunsa ya tsaya da kansa. Daga nan sai ya kira ƙaninsa ya koya masa. Muna da kifi, muna da shinkafa, muna da dabbobin da Allah ya halatta mana da sharaɗin mu tausaya musu wajen yanka, don haka bai kamata a sami gida a kwarin Rima da babu mutum ko ɗaya da ya iya wasa wuƙa ba.