Daga Safana Zuwa Titin Gidan Zoo

A hutun babbar Sallah, ni da ƙanena ɗan aji biyar na sakandare muka bar Safana da asuba. Muka bi ta Dutsin-Ma, Kankiya da Bichi, muka isa Kano kafin azahar. Burinsa ya ga inda ake haɗa finafinan Kannywood.

Ya zaci katafaren gari zai gani, amma babu shi. Ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta shirya ginawa a Kofa a 2016, an soke shi bayan malamai sun nuna adawa. Abin da muka tarar a Titin Gidan Zoo ƙananan ɗakuna ne a saman bene, da kwamfuta da lasifika. Wani mai tace fim ya nuna mana yadda ake ɗora kukan tsuntsaye a kan hoton daji.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ai dajinmu ya fi wannan."

Gaskiyarsa. Duwatsun Batsari da dajin Rugu sun isa fim, amma 'yan bindiga sun hana ko manomi kusantarsu, balle mai kyamara. A hanyar dawowa ya ce ranar da zaman lafiya ya dawo, shi zai fara ɗaukarsu. Allah ya nuna mana.