Kwanon Fatalwa

Ni na raɗa wa taubashina sunan da ya bi shi shekara da shekaru, kuma ban san girman abin da na aikata ba sai da wani littafin Turanci, wanda aka rubuta domin matasan Amurka, ya tona mini asirin kaina.

A bazarar 1996 ina da shekara goma sha ɗaya. Muna zaune a wani ƙauye tsakanin Gezawa da Jogana, inda gona ke manne da gona, ba ka ganin daji sai gawo da ɗorawa a tsaitsaye cikin karan dawa. A shekarar nan ce sanƙarau ya auka wa Arewacin Nijeriya, ya kama mutum fiye da 100,000, ya yi ajalin fiye da 11,000, galibinsu yara da matasa. Ƙwayar cuta ce ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma ta fi yaɗuwa lokacin zafi da ƙura, musamman inda ake kwana a cunkushe. Mu dai abin da muka sani shi ne yaro zai tashi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, kafin jibi a fito da makara. Motocin da ke bin hanyar Gumel zuwa Kano ba su rabuwa da marasa lafiya, ana nufar Asibitin Zana da su.

Taubashin nawa ɗan gwaggona ne, ya girme ni da wata biyar, kakarmu ce ke riƙonsa a gidanmu. Mu shida ne yara maza da ke haɗa hannu a kwano ɗaya a zaure, kuma shi ne mai yanka mana loma ta ƙarshe don kada a yi faɗa. Ciwon ya kwantar da shi kwana uku. Da asubahin na huɗu jikinsa ya saki, aka kara kunne a ƙirjinsa ba a ji komai ba. Mata suka sa kuka, aka tura masu haƙa, aka yanko likkafani. Mai wanka ya zuba masa ruwan farko ke nan sai yaro ya yi nishi, yatsun ƙafarsa suka motsa. A cikin wata akori-kura aka garzaya da shi birni.

Kabarin da aka haƙa bai kwana a buɗe ba. Kafin la'asar ɗan maƙwabcinmu ya cika, aka sa shi a ciki.

Bayan mako uku aka dawo da taubashina. Ya rame har idanunsa sun faɗa, an aske masa kai, yana tafiya yana tangaɗi kamar wanda ƙasa ke kuɓuce wa, kuma ciwon ya tafi da jinsa gaba ɗaya. Aka zaunar da shi a jikin katanga, mu yara muka yi cirko-cirko daga nesa. Tsoro ne ya cika ni, kuma ban san abin da zan rufe shi da shi ba sai wasan da al'ada ta halatta mini. Na ce, “Kai jama'a, ga fatalwa ta dawo ɗaukar abin da ta manta!” Yara suka fashe da dariya. Shi ma da ya ga muna dariya sai ya yi, don bai ji abin da na faɗa ba.

Kafin sati ya zagayo babu mai kiransa da sunan yanka. Liman ya yi magana a kai bayan sallar Magariba, ya ce mamaci ba ya dawowa duniya, abin da ya sami yaron doguwar suma ce, kuma wanda kwanansa bai ƙare ba ko an sa shi a makara sai ya tashi. Ya tuna wa jama'a samarin nan na cikin kogo, waɗanda suka yi barcin shekara ɗari uku da tara suka farka. Kowa ya gyaɗa kai, amma abin da aka yarda da shi a masallaci bai bi mutane zuwa bakin rijiya ba. Can ne magana ta sauya kama, aka fara raɗe-raɗin cewa ɗan maƙwabci fansa aka bayar, wanda aka haƙa wa rami ya tura wani a madadinsa. Babu wanda ya furta kalmar maita a gabanmu, sai dai in ya doso, mace takan gyara goyonta ta juya masa baya.

A zaure ma haka. Yau wannan ya ce ya ƙoshi, gobe wancan ya ɗebi nasa a murfi ya koma gefe. Ni ne na ƙarshe da na janye hannu, kuma na daɗe ina ƙirga wa kaina wannan a matsayin kirki. Daga bisani aka ware masa wani ɗan kwanon samira mai ɓantaren baki, yara suka sa masa suna kwanon fatalwa. Kakarmu kaɗai ta ƙi. Takan jawo kwanon gabanta ta wanke hannu, ta ce, “Matso nan, angona. Ni da nake jiran tafiya, da wa zan ci in ba da wanda ya gano hanya ba?” Ta ci da shi har shekara huɗu, sannan ta rasu. A firamare kuwa, da yake ba ya jin malami, ya zauna a bayan aji zango ɗaya ya daina zuwa. Ni na wuce makarantar kwana, daga nan Jami'ar Bayero, na riƙa jin labarinsa daga nesa: ya koyi ɗinki, ya nemi aure sau biyu a garinmu an hana shi, sai a dangin ubansa ya samu.

A 2010, ina shekarar ƙarshe a jami'a, na tsinci wani littafi a wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Sunansa Generation Dead, na Daniel Waters, an buga shi a 2008. Ya fito ne a lokacin da labaran matattu masu rai suka cika kasuwar littattafan matasa a Amurka, bayan karɓuwar da Twilight na Stephenie Meyer ya samu tun 2005. Na saye shi don in huta da karatun jarrabawa. Labarin wasu matasa ne da ke mutuwa sannan su tashi, ba tare da kowa ya san dalili ba. Ba sa cin naman mutane, ba sa farautar kowa. Tafiyarsu ce ta yi nauyi, maganarsu ta yi jinkiri, kuma abin da suke nema shi ne su koma aji su zauna. Makarantar ta ƙirƙiro musu sunaye na ladabi, amma ɗalibai na da nasu sunayen na wulaƙanci. Wasu iyayensu sun rufe musu ƙofa. Ɗaya daga cikinsu ya nemi shiga ƙungiyar ƙwallon makaranta, gari ya ɗauki zafi.

Duk wannan na karanta shi ina kishingiɗe. Inda na tashi zaune shi ne wajen wata yarinya da ta dawo, ƙawayenta na ƙut da ƙut suka kasa haɗa ido da ita. Marubucin bai mayar da su azzalumai ba. Yara ne masu tsoro, kuma kowace rana da suka ƙara ba su je wajenta ba, kunya na ƙara toshe musu hanyar zuwa. Na rufe littafin na daɗe ina kallon bango, domin shekara goma sha huɗu ke nan ina gaishe da taubashina daga kan babur.

Wani abokin karatuna da ya ga littafin a hannuna ya ce ɓata lokaci ne, tunda mun san matattu ba sa tashi sai ranar tsayuwa. Na yarda da shi a kan wannan, kamar yadda na yarda cewa Gizo ba ya magana amma muka tashi da darussan Gizo da Ƙoƙi. Abin da ya dame ni daban ne. A tatsuniyoyin da aka yi mana a dandali, Dodo da fatalwa kullum a waje suke, aikin yaro ya gudu ya tsira, kuma ba a taɓa zaunar da mu a cikin zuciyar wanda ake gudu ba. Littattafan da matasan Kano suka shiga rubutawa tun shekarun 1980 sun yi namijin ƙoƙari wajen ba wa wanda aka danne baki, kamar yarinyar da aka yi wa auren dole, ko talakan saurayin da ke cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Sai dai muna da wasu da ke jiran a ba da labari ta bakinsu, wato waɗanda suka tafi inda ba a zaci dawowarsu ba, suka dawo: wanda ya warke daga kuturta ko taɓin hankali, matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari, yarinyar da ta kuɓuta daga hannun 'yan Boko Haram da goyo a bayanta. Dukansu an yi musu barka da arziki a rana ta farko, kuma da yawansu an ware musu kwano a rana ta biyu.

Da na gama jarrabawa na sauka a Jogana, na nufi shagonsa. Na same shi a kan keke yana haɗa wuyan riga, ɗansa na wasa da ƙyallaye a ƙasa. Ya ɗago ya ce, da muryarsa mai ƙarfi wadda shi ba ya ji, “Yau kuma ɗan boko ya yi ɓatan kai?” Na zauna a benci. Da yake yana karanta leɓe amma nawa rawa suke yi, sai na ɗauki takardar da yake rubuta awo, na rubuta: “Ni na sa maka sunan nan. Ka yafe mini.”

Ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce, “Na sani. A bakinka na fara ganinsa, daga baya na gane abin da na yi wa dariya ran nan.” Ya ɗan yi shiru yana gyara zare. “Sunan ai ban taɓa jinsa ba, ni kurma ne. Kwanon ne na ji.”

Ban sami abin cewa ba. Shi ne ya kawar da shirun, ya ce tun shekarar da ya yi ciwo ban ƙara ba shi kuɗin shara ba, watan cika-ciki goma sha huɗu ke nan, kuma ba zan bar shagon ba sai na biya har da na ɗansa. Na zazzage abin da ke aljihuna, ya ƙirga, ya ce saura. Ana cikin haka aka aiko masa da abincin rana daga gida, dambu ne da zogale a kwano ɗaya. Ya buɗe ya ajiye a tsakaninmu, bai ce mini bismilla ba, yana dai kallona. Na tashi na ɗauko buta.